Silvanus Kafinta da Darar Gyaɗa

A Kafanchan ta wancan lokaci, da jirgin ƙasa ke tashe, in ka tambayi gidan Silvanus Didam ba kowa zai gane ba. Amma ka ce Baba Kafinta na bayan loko, inda ake gyaran kawunan jirgi, ko mai tallan ayaba a tasha za ta nuna maka hanya. Mutumin Madakiya ne, ya shigo gari tun zamanin Turawa da zarto ɗaya da guduma, ya kafa rumfa, ya yi ta buga benci da akwatin aure har furfura ta cim masa. Gajere ne mai faɗin tafi, ba ya shan burkutu, ba ya taba, karatunsa kuma bai wuce ya bi Littafi Mai Tsarki da yatsa ba. Abin da yake tinƙaho da shi a duniya ɗaya ne: dattijon ikilisiya ne. Shekara goma sha ɗaya shi ke ɗaukar farantin gurasa a coci ranar jibin Ubangiji, akawu da malaman makaranta su sunkuyar da kai su karɓa daga hannunsa. Tun ranar Asabar matarsa Martha ke goge masa farar rigar wannan aiki.

Bayan Allah da katako kuwa, wasa ne ya ci ransa. Yana da akwati na musamman da ya yi da maɗaci, ba a ajiye komai a ciki sai kayan wasa. Akwai ludo da ya zana da fentin da ya rage daga ƙofar wani. Akwai darar Turawa mai gidaje baƙi da fari, wadda 'yan reluwe ke kira daraf. Akwai kuma karta irin ta wot, mai tauraro da ƙwallo da giciye, da wani direban jirgi ya kawo masa tsaraba daga Fatakwal. Kowanne yana da matsayinsa a wurin Silvanus, kuma ba sai ka tambaye shi ba zai gaya maka. Ludo, in ji shi, wasan wanda ba ya son wahalar da kai ne, ka zauna kana roƙon siki, wato shida ta fito maka. Karta ta ranar ruwa ce, in damina ta tsare mutane a rumfa. Daraf yana da kyau amma surutun masu yinsa ya fi wasan yawa.

Dara ce sarauniya. Arzika, wani Musulmi mai sayar da ƙusa da fata a kasuwa, shi ya koya masa, a ƙasa, da tsakuwa da kara. Silvanus ya ga bai dace dattijai su riƙa tsugunawa a turɓaya ba, sai ya sami katako mai kauri ya fafe gidaje talatin a jiki, ya goge shi har yana ɗaukar ido. Kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ka jera uku ka ɗauke ɗaya na abokin wasanka. A nan ne ya shigo da tasa bidi'ar. Maimakon tsakuwa da kara, gefe ɗaya soyayyar gyaɗa, ɗaya gefen aya. In ka ci ɗan wani, sai ka ci shi da gaske, ka jefa a baki ka tauna yana kallonka. Gyaɗar daga gonar Martha take, ayar ma ita ke saye. Wanda aka cinye ba ya asarar komai sai girman kai, kuma a ƙarshe ana juye sauran a tsakiya kowa ya sa hannu.

A shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira aka kawo wani malamin firamare daga Manchok, sunansa Leonard. Dogo ne mai tsabta, ya haura talatin bai yi aure ba, ba shi da kowa a gari. Kujera ya kawo gyara, ya tarar da Silvanus da Arzika sun duƙufa a kan katako, ya tsaya kallo har ya manta da kujerar. Daga ranar ya zama ɗan gida. Kowace Asabar da la'asar yana nan, ya ci tuwon accan Martha, ya ja benci. Silvanus ya buɗe masa akwatin maɗaci gaba ɗaya. Ya koya masa yadda ake ɓoye babbar karta sai ƙarshe, da yadda ake ba da ɗa ɗaya a daraf don a kwashe uku. Har wata dabara ta dara da ya shekara takwas yana ɓoye wa Arzika, wadda ake shiga gida a fita ana jera uku kowane taku, ya zaunar da Leonard ya nuna masa. 'Ya'yan Silvanus mata ne, duk sun yi aure, babu wadda ta taɓa damuwa da wasa. Ya ƙaunaci malamin nan kamar ɗan da bai haifa ba, bai kuma ɓoye ba.

Martha ce kawai ba ta saki jiki ba. Ta ce wannan ticha in ya ci wasa dariyarsa har titi, in an cinye shi sai ya tuna yana da littattafan yara da zai duba. Silvanus ya ce ƙuruciya ce. Da Leonard ya sami yarinya, Hellen, mai aikin jinya, Silvanus ne ya shige gaba wajen iyayenta, ya kuma ɗauki alkawarin gadon aure kyauta.

Ana saura mako biyar bikin, a daminar 1975, wani ɗan ikilisiya ya kai kekensa tasha aka cinye a caca. Uwarsa ta zo coci tana kuka. Faston da ke nan a lokacin sabon zuwa ne, mutum mai gaskiya amma mai zafi, wanda bai san gari ba tukuna. Ya yi wa'azi Lahadi biyu a jere a kan karta. Kafin ta uku an kai masa labari cewa ai a gidan dattijonsa ma ana buga ta, har da mai giciye a jiki, kuma tare da Musulmi. Aka kira Silvanus gaban dattawa bayan sujada.

Ko gezau bai yi ba. Ya je da farar rigarsa, ya amsa cewa yana da karta, yana da ludo, yana dara, tun kafin a haifi wasu da ke zaune a ɗakin. Ya ce wasa daban, caca daban, kuma shi bai taɓa aza ko anini a kan katako ba. Fasto ya tambaya ko yana da shaida. Silvanus ya yi murmushi, shi da bakinsa ya ce a kira Malam Leonard. Wannan kiran ne ya fi ci masa rai daga baya.

Leonard ya shigo yana murza hula. Shi ma yana cikin masu wasan, ya kuma san dokar ikilisiya sarai: wanda aka sa a horo ba a ɗaura masa aure a coci, kuma iyayen Hellen ba masu ba da 'ya a waje ba ne. Fasto ya ce shi abin da ya sani, caca ita ce wasan da in mutum ya yi nasara yake cin abin ɗan'uwansa. Sai ya dubi Leonard.

"Malam, a wasan da ake yi a gidan dattijo, in mutum ya yi nasara, yana cin abin ɗan'uwansa ko ba ya ci?"

Leonard ya dubi ƙasa. "Yana ci, Fasto."

"Da idonka ka gani?"

"Na gani."

"Kai ma ka taɓa ci?"

"Ni kallo ne nake zuwa yi."

Da farko Silvanus dariya ya yi, don ya ɗauka tsokana ce irin ta rumfa, yanzu za a ƙarasa zancen kowa ya dara. Ya jira. Leonard bai ƙara ko kalma ba.

"Gyaɗa ne fa, Fasto," in ji Silvanus. "Gyaɗan Martha ne da aya. Ɗana, gaya masu mana."

Fasto ya sake juyawa ga Leonard ya tambaye shi ko gyaɗa ce. Leonard ya ce ya taɓa ganin gyaɗa a wurin, amma shi ba zai iya rantsuwa a kan abin da ake yi in ba ya nan ba.

Amsarsa ta farko ba ƙarya ba ce, shi ya sa ta fi ƙarya muni. Malamin makaranta ne, ya san ci iri-iri ne a Hausa, ya san wanda Fasto ke nufi, ya kuma san wanda ake yi a rumfa. Ya zaɓi ya tsaya a tsakiya ya bar kalmar ta yi masa aikin. Dattawan nan kuwa yawancinsu Hausa ba harshen uwarsu ba ne, da ita dai suke sujada da ciniki, suka riƙe abin da kunnensu ya ji. Akwai biyu a cikinsu da suka sha tauna gyaɗar nan, amma da suka ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta sai kowa ya shafa wa nasa ruwa. Wani ya ce yau gyaɗa, gobe sule. Aka yanke wa Silvanus horon wata shida: ya sauka daga dattijo, ba ya cin jibi, zai riƙa zama a bencin baya kusa da ƙofa.

Ranar Lahadi aka karanta sunansa a gaban jama'a, aka haɗa shi da kalmar caca. Mutum mai shekara hamsin da takwas ya tashi daga gaba ya taka har baya, mata suna leƙensa ta gefen ɗankwali. Martha ta so su koma wata coci, ya ƙi. Ta so ta je makaranta ta wanke Leonard tas a gaban yaransa, ta kira shi kaza ci ki goge baki, ya hana ta. Arzika ya ce zai je ya yi wa Fasto bayani da kansa, Silvanus ya ce ya rufa masa asiri, zuwansa ƙara wa wutar mai ne.

Gadon kuwa ya ƙarasa shi. Ya goge, ya shafa masa mai, ya sa aka ɗora a amalanke aka kai gidan ango ana jibi biki, domin ya ce alkawari da Hellen aka yi shi ma, ita kuma ba ta yi masa komai ba. Bai je bikin ba, ba a ma gayyace shi ba. Leonard ya aiko da godiya ta bakin wani, shi kansa ya daina bi ta bayan loko, ya gwammace ya zagaya ta kasuwa ko da ana ruwa. Da a ce ya zo sau ɗaya ya ce tsoro ne ya kama shi, da Silvanus ya yafe kafin ya rufe baki. Kowace Asabar da la'asar yakan share rumfa ya gyara bencin baƙi, wai don ƙura. Ba wanda ya zo sai Arzika, su yi hira a kan tsadar ƙusa, akwatin maɗaci yana rufe.

Bai yi fashin coci ko sau ɗaya ba. Yana zaune a baya aka sanar cewa an cike gurbin dattijon da ya sauka, an zaɓi Malam Leonard, magidanci mai ilimi da ya tsaya a kan gaskiya ko da ta shafi na kusa da shi. Jama'a suka ce amin. Silvanus ya lallashi kansa cewa kujera ba komai ba ce. Teburin Ubangiji yake so a mayar da shi, ya riƙa ƙirga Lahadi saboda wannan.

Wata shida suka cika gab da Ista. Fasto ya kira shi gaba, ya yi masa addu'a, ya ce an karɓe shi, ya koma cikin 'yan'uwa. Ranar kuwa ranar jibi ce. Kafin a raba, Fasto ya yi gargaɗin da akan yi kullum, wanda Silvanus ya ji ya fi sau ɗari yana tsaye da faranti: kowa ya auna zuciyarsa, wanda yake riƙe da ɗan'uwansa kada ya ci, don kada ya ci wa kansa hukunci. Dattawa suka ɗauki faranti suka rarrabu. Layin da Silvanus yake ya faɗo a hannun Leonard.

Leonard ya zo ya tsaya a gabansa da farantin. Silvanus ya dubi gutsattsarin gurasar da ya yi wata shida yana marmari. Ya auna zuciyarsa kamar yadda aka ce, ya tarar ba ta sauka ba ko kaɗan. Da zai iya miƙa hannu ya ɗauka, ba wanda zai sani, kowa ma abin da yake jira ke nan. Amma shi bai iya faɗin rabin gaskiya ba, ko ga mutane ko ga Allah. Ya haɗa hannuwansa a kan cinya ya girgiza kai.

"Baba, ka ɗauka," Leonard ya ce ƙasa-ƙasa. "Don Allah."

Silvanus bai ɗago ba. Leonard ya daɗe a tsaye har mutane suka fara waiwaye, sannan ya wuce ga na gaba. Aka fara raɗa a bencin mata cewa ashe akwai sauran abin da tsohon bai tona ba.

A hanyar gida Martha ta yi ta share hawaye da bakin zane, ta tambaye shi me ya sa ya ƙara ba su abin faɗa, bayan duk wannan jira. Sai da suka tsallaka layin dogo sannan ya amsa mata.

"Wancan wata shida su ne suka hana ni," ya ce. "Wannan kuma ban san ranar da zai ƙare ba."