Majigin da Baba Ya Ce Ya Karkace

Shekara ashirin da wani abu Baba ya yi yana aikin majigi. Shi ne mai kunna injin a motar gwamnati, tun muna ƙarƙashin Sakkwato, suna yawo ƙauyukan Tsafe da Bungudu da Magami suna haska wa mutane yadda ake zuba taki da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Ko bayan ya yi ritaya, mai majigi ake ce masa a kasuwa, shi kuwa da ƙarfinsa yake amsawa. Abin da ya fi alfahari da shi a duniya idonsa ne. Yakan ce daga tsaye yake gane hoto ya miƙe ko ya karkace, ko da faɗin farce ne.

Wannan idon ne muka fara zargi, kamar shekara biyu bayan an ba mu jiharmu. Zai zuba shayi ya sauka a gefen kofi. Wata rana ya gaida ni a ƙofar gida da irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa, sai da na yi magana ya wayance da cewa wasa yake. Ni da Inna mun gani, mun yi shiru, don mun san halinsa. Ka ce wa Baba idonsa ya tafi, ka ce masa ya tashi aiki ne gaba ɗaya, kuma babu mai ƙarfin halin faɗa masa haka a gidansa.

Ana cikin haka yayana, wanda ke zaune a Jidda, ya aiko masa da tsaraba ta hannun alhazai. Majigi ne na zamani, ɗan ƙarami, wanda ake jona wa bidiyo ya haska kaset a bango. Na hannu ne, amma yana aiki. Baba ya daɗe yana shafa shi yana juya shi. Nan take ya yanke cewa a silin za a rataye shi, kada jikoki su yi tuntuɓe da waya, kuma ranar Juma'a mai zuwa zai kira 'yan'uwa daga Tsafe da tsofaffin abokan aikinsa biyu daga Bungudu su zo su ga kaset ɗin ɗawafi da aka haɗo da shi.

Aikin farin yadin da za a haska hoton a kai ni aka ba. Ni tela ce, gidan aurena kuma bayan layinmu yake, kullum ina gidan Baba. In faɗi gaskiya, ni ma ina da nawa girman kan. Ba na son a taɓa ɗinkina da magana. Na sayo akoko mai kauri, na yanke shi kusurwa huɗu cif, na ninke bakinsa sama da ƙasa na zura masa gora. Da na zo ratayewa, na ɗauko tef ɗina na auna daga ƙasa zuwa inda ƙusar dama za ta shiga, na auna daidai wannan tsawon a hagu, na sake aunawa sau biyu. Na ja da baya na kalle shi, na ji daɗin kaina.

Rataye injin kuma maƙwabcinmu aka kira, wani mai gyaran rediyo da talabijin, mutumin Filato, wanda ya fi shekara goma a unguwar. Shi ya taɓa rataye irinsa a cocinsu, saboda haka shi ne gwanin garin a wurinmu. Ya sa mai walda ya haɗa masa wani ƙarfe mai dogayen kusoshi huɗu masu noti, yadda za a iya ɗaga kowace kusurwa ko a sauke ta. Ranar Talata da hantsi ya hau tsani, ya nemo katakon rufi ya ɗaure ƙarfen, ya kifa injin a jiki. Muka toshe tagogin falo da barguna. Da aka kunna, mutane suka fito kansu a ƙasa ƙafafu a sama. Inna ta ce ita ba za ta kalli bayin Allah suna ibada a kife ba, ta tashi ta fita. Maƙwabcin ya yi dariya ya danna wani maɓalli, duniya ta koma daidai.

Daga nan ya shiga murɗa noti. Ya sauke nan, ya ɗaga can, ya ɗan juya bakin injin, har hasken ya zauna cikin yadin, saman hoto ya bi saman yadi, gefe ya bi gefe. Ya sauko yana share gumi. Inna ta dawo da matar ƙanena, muka jeru a tabarma muna kallo, Baba yana bayanmu a kujerarsa. Mun yi kamar minti goma babu mai tari.

"Wanga abu karkace yake," in ji Baba.

Maƙwabcin ya waiwaya. "Baba, ta ina?"

"Dama ta yi ƙasa."

Bawan Allah ya je ya sa yatsa a bakin yadin, ya bi layin haske daga wannan kusurwa zuwa waccan. Babu inda ya kauce. Ya nuna wa Baba cikin ladabi. Baba ya ce ya ji, amma karkace yake. Maƙwabcin ya kalle ni, na kalli Inna, Inna ta kalli tabarma. Duk abu ɗaya muke tunani, kuma na tabbata Baba ya ji shirun nan ya san ma'anarsa.

Laraba maƙwabcin ya sake zuwa, don mutum ne mai haƙuri. Ya hau tsani ya ɗaga dama kaɗan kamar yadda Baba ya ce, sai hasken ya tsallake yadin ya hau bango, kowa ya ga ya lalace. Ya mayar. Baba ya ce har yanzu. A soro da zai fita, ya rage murya ya ce mini, "Malama, injin nan lafiyarsa ƙalau. Ku dai duba Baba." Na ji haushinsa, ba don ya yi ƙarya ba, sai don ya faɗi abin da nake ɓoyewa.

Abin da ya fi damuna Juma'a ce. Ina hango Baba a gaban abokansa yana cewa hoto ya karkace, su kuma suna ganinsa a miƙe, su yi masa irin kallon da muka yi masa. Inna ta ce in lallashe shi ya bar maganar. Da la'asar na same shi a falo shi kaɗai, na durƙusa na fara kewaye-kewaye, wai injinan yanzu ba kamar na da ba ne, wai su da kansu suke daidaita kansu.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana, "daga ina kika auna yadinki?"

"Daga ƙasa, Baba. Sau uku."

"To. Ɗauko mini zare da tsakuwa."

Raina ya ɓaci, na ga abin ya dawo kan ɗinkina. Na tafi ina gunaguni a ciki, na tsinko zare daga keken ɗinkin Inna, na ɗauro dutse a bakinsa. Ya ce in hau kujera in riƙe zaren a kusurwar yadin ta sama, in saki dutsen ya huta. Na yi. Dutsen ya yi ta lilo, ya rage, ya tsaya. Na duba ƙasa. A sama zaren yana manne da bakin yadi, a ƙasa kuwa akwai tazarar yatsa biyu tsakaninsu.

"Mi kika gani?"

"Tazarar yatsa biyu," na ce.

"Zuba ruwa ƙasa ki ga inda za su tahi."

Na ɗaga tabarma na tsiyaya ruwan buta a siminti. Ruwan bai ko yi shawara ba, ya miƙe dama, wajen ƙofa. Sai a lokacin na tuna abin da na sani tun ina yarinya. Falon nan asalinsa baranda ce, an yi mata gangare don ruwan sama ya riƙa fita, daga baya aka ja bango aka rufe. Ni na auna daga ƙasa mai gangare, yadina ya bi ƙasa, maƙwabci ya bi yadina, hoto ya bi maƙwabci. Dukanmu mun karkace tare, shi ya sa muka ga juna daidai.

Kunya ta kama ni, amma daɗin da na ji ya fi kunyar yawa. Ban taɓa murnar a kama ni da kuskure ba sai ran nan. Na fita tsakar gida ina kiran Inna ta zo ta ga ruwa, ita kuma ta zo ta tsaya ta riƙe haɓa, ta ce ai dama ita wuyanta ya riƙe tun jiya. Baba ya ce ai bai ji ta faɗa ba.

Alhamis da safe na je da kaina na kira maƙwabcin. Da ya ga zaren ya cire hularsa, ya ce, "Baba, a yafe mini. Ni makaranta na je, kai aiki ka yi." Muka zare ƙusar dama muka ɗaga ta har zare ya kwanta a bakin yadi daga sama har ƙasa. Sannan Baba ya koya masa yadda suke yi a ƙauye. A kashe kaset a bar farin haske kawai. A ja igiya daga bakin gilashin injin zuwa kusurwar yadi ta dama, a ƙulla alama, a kai ta ta hagu. In tsawon ya zo ɗaya, injin yana fuskantar tsakiya, in bai zo ba, sai gefe ɗaya na hoton ya fi ɗaya faɗi. Aka gwada, aka tarar hagu ta fi da ɗan kaɗan, maƙwabcin ya sassauta ƙarfen ya matsar da shi. Bayan nan ne aka koma kan noti huɗun nan, ɗaya bayan ɗaya, Baba yana daga kujera yana cewa a bi a hankali, rabin murɗi ya isa. Kafin azahar an gama.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci gida ya cika. Mutanen Tsafe sun zo da rake da gyaɗa, tsofaffin Bungudu biyu sun zo cikin manyan riguna, ana ta tsokanar juna da labarin ranar da motarsu ta kafe a rafi. Allah ya taimake mu wuta ba ta ɗauke ba. Ɗaya daga cikinsu, wanda shi ne direban motar a da, ya kalli hoton ya kalli Baba ya ce, "Mai majigi, ashe idon nan na nan." Baba ya gyara zama ya ce sai abin da ya ƙaru. Maƙwabcin ma, da ya leƙo gaisuwa, ya ba su labarin zare da tsakuwa, ya ƙara gishiri yadda ya ga dama, ni ce dai aka yi ta yi wa dariya a wurin. Ban damu ba ko kaɗan.

Da baƙi suka watse kafin magariba, na tsaya ina naɗe tabarmi. An cire kaset amma ba a kashe injin ba, haskensa na kan yadin. Baba bai tashi daga kujerarsa ba. Na ce masa, cikin raha, ya faɗa mini yadda ya hango yatsa biyu daga inda yake zaune, alhali mu masu ƙuruciya mun kasa.



"Ban hango ba, Uwata. Bakin yadin nan ba ni ganinai. Tun bara abubuwa sunka koma mini hazo-hazo."

Na tsaya da tabarma a hannu.

"Kawunanku nig gani. Kuna gabana, hasken yadi na gabanku, ku ukun duk kun kwantar da kai dama. Can ƙauye ma haka nika yi, in an fara ba ni kallon yadi, mutane nika kallo. In wuyansu ya miƙe, aikina ya yi."

Tausayinsa ya kama ni, kuma ban taɓa ganin girmansa kamar lokacin ba. Ya ce in Allah ya kai mu bayan girbi in raka shi Kaduna a duba idon, ya gaji da zubar da shayin Inna. Na ce to. Ya ce amma yau ya zauna a gaba saboda baƙi, bai samu ganin kan kowa ba.

"Tsaya can tsakiya ki duba mini da kyau," ya ce. "Ki hwaɗa mini gaskiya. Ya miƙe?"

Na ajiye tabarmar na je na tsaya. Na duba sama, na duba ƙasa, na bi kusurwa huɗun nan ɗaya bayan ɗaya ban yi sauri ba, don na san da maganata zai yi aiki.

"Ya miƙe, Baba."

"To madalla," ya ce. "Kashe shi ya huta."