Yaya Garba da Sarkinsa Ci-Damina

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayana, Malam Garba, malamin makaranta a Bodinga. Ni ban yi boko ba. Littafin da ya rubuta da kunne na san shi, don shi ya karanta mini a gona.

Labarin wani sarki ne, Ci-Damina, wanda ya ɗaure hadari da igiya a ƙofar gidansa. Ba gonar da za ta ga ruwa sai tasa ta ƙoshi.

Mun san wa ake nufi. Bayan samun 'yancin kai akwai wani mai iko a wajenmu, ba zan kira sunansa ba, jikokinsa na nan. Duk ranar da ruwan shuka ya sauka, sai a yi shela kowa ya tafi gonarsa da sungumi. Kafin ka koma taka, ƙasa ta bushe. Wanda ya ƙi, bulala.

Littafin ya zaga har Shagari, ana kwafarsa da hannu. Sai mutumin ya sa aka kawo mu gabansa, ni da Yaya, aka karanta a bainar jama'a.

Ya ce, "Malam, wanga sarki naka, wa yake kama?"

Yaya ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ban ga igiya ƙofar gidanka ba. Amma ga talakawanka, a tambaye su."

Sai dariya ta kuɓuce wa wani tsoho daga Kajiji. Dariyar nan mu muka biya ta. An yi mana bulala, aka kulle mu har gero ya fidda kai. Haƙoran gabana can na baro su. Yaya ya rasa aikinsa, bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Da damina ta zagayo aka sake shela. Na ɗauki sungumi na nufi gonata. Da na waiga, rabin ƙauyenmu na bayana.

Yau masu bindiga ne ke tilasta wa ƙauyuka su nome musu gona. Da Yaya na raye, na san ba zai yi mamaki ba. Alƙalami zai nema.

Littafin gara ta cinye. Wanda aka yi shi dominsa an manta kabarinsa. Ni dai tun daga waccan damina ban sake zuba iri a ƙasar wani ba kafin tawa. Allah shi jiƙanka, Yaya.