Takardar da Bakari Ya Karanta Mini

Assalamu alaikum. Wata biyar ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu a unguwar Ekoudou sun yi mini ta'aziyya ina raye. Ni ne dai Sani mai tsire na unguwar Briqueterie.

Da tari abin ya fara. Sannan ya kai ko masallaci na taka sai na tsaya sau biyu ina haki. Lokacin korona ne, kowa na ɓoye tarinsa, ni ma na ɓoye nawa.

Da matata ta matsa, na je wani ƙaramin asibiti a unguwar Messa. Suka ɗauki hoton ƙirjina, likitan ya yi ta zuba Faransanci ta cikin takunkumi, ya miƙo mini takarda. Ni mutumin Zariya ne, Faransancina bai wuce na ciniki ba.

Sai na kai wa Bakari, mutumin Garwa, wanda muka yi shekara goma sha huɗu muna tukuba ɗaya. Ni ke gashi da haɗa yaji, shi ke ji da masu saye.

Ya duba, ya ninke, ya ce, "Aboki, gajiya ce kawai. Ka sha zuma da citta."

Na koma bakin wuta. Sallah ta matso, ciniki ya buɗe.

Mako uku bayan nan, da la'asar, ina juya nama numfashina ya tsaya a maƙogwaro. Leɓɓana suka yi baƙi. Aka kira matata. Masu taksi biyu suka ga ina tari suka ja motarsu, na uku ne ya ji tausayin kukan matata.

A babban asibiti aka maƙala mini wani abu a yatsa, aka ce iskar da ke jinina ta yi ƙasa ƙwarai. Aka sa mini oksijin. Kwana tara ina kwance, tukunyar iska in ta ƙare sai an saya, har matata ta sayar da keken ɗinkinta. Na ji tsoron mutuwa, ba zan ɓoye ba.

Gwajin korona bai nuna komai ba. Hayaƙin itace ne ya tsuke mini hanyoyin iska, sannan nimoniya ta hau kai.

Likitar da ke duba ni, 'yar Marwa mai jin Hausa, ta ga tsohuwar takardar a jakar matata. Ta ce, "Baba, wa ya karanta maka wannan? An rubuta ka bar hayaƙi nan take, ka ga likitan huhu a makon."

Wannan magana ta fi ciwon yi mini zafi.

Da Bakari ya zo dubiya na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ce bari Sallah ta wuce. In ba kai a wuta, ba mai tsayawa."

Yanzu ina gida da maganin shaƙa. Likita ta ce huhun ba zai koma kamar da ba, na bar tukuba har abada.

Na gode wa Allah, da matata, da likitar nan, da mai taksin da ban san sunansa ba.

'Yan'uwana masu gashi da masu tuya, haki ba gajiya ba ce, ku je a duba ku. In an ba ku takarda, kada ku fita sai an yi muku bayani da harshen da kuke ji. Wanda cinsa ke hannunku, kada ya zame muku tafinta.

Bakari yakan biyo ta ƙofar gidana ya yi sallama. Ina amsawa, don amsa sallama wajibi ce. Ban taɓa ce masa ya shigo ba.