Minsharin Inna Sha Biyu

Inna Sha Biyu ba ta taɓa ganin safiyar makarantar renon nan ba, ba ta kuma san kamannin yammacinta ba. Sha biyu daidai take turo ƙofa, ƙarfe biyu ta ja ta, shi ya sa sunan ya bi ta. A awa biyun nan ne malamai masu takardun shaida ke zuwa cin abinci su huta da ihu, a bar mata yara goma sha huɗu, babbansu bai cika shekara huɗu ba. Ta wanke hannu ashirin da takwas, ta ciyar da su, ta zaro wake daga hancin mai rabo, ta kai masu fitsari, sannan ta shimfiɗa ƙananan katifu a kwanta.

Mutane na tausaya mata, wai tsohuwa da jikoki tana sharce majinar 'ya'yan wasu. Su riƙe tausayinsu. Tun da maigidanta ya yi ritaya ya tare a kicin, yana koya mata yankan albasa, bayan shekara arba'in tana ciyar da shi bai mutu ba. Labarin da suka ji tare a rediyo ma sai ya sake ba ta shi, har da gyara. Awa biyun nan ne kaɗai ke hana ta mayar da kanta bazawara da hannunta.

Wajen sa yara barci, Inna ba ta lallashi, ba ta waƙa, don muryarta ko akuya ba ta tsayawa saurare. Labule take ja, ta tuɓe takalmi, ta miƙe a ƙasa tsakanin katifu, ta kama minsharin ƙarya. Yara su ƙyalƙyale da dariya, kowa ya rufe ido yana kwaikwayo don nasa ya fi ƙara, kafin minti goma ɗaki ya yi tsit. Sai ta tashi ta wanke kwanuka.

Ana haka aka kawo sabuwar shugaba, yarinya mai tabarau da fayil a hammata, wadda ta haddace yara kaf a littafi. Ta leƙo ta ga Inna shame-shame a ƙasa.

"Inna, ma'aikaciya ba ta kwanciya a bakin aiki. Ga kujera. Ki riƙa bubbuga bayansu, kina duba numfashin kowa. Na sake ganin ki a ƙasa, ki ajiye mana rigar aikinmu."

"'Yar nan, hannu biyu gare ni, baya goma sha huɗu."

"Haka tsarin yake."

Kwana uku ba wanda ya runtsa. Inna ta bubbuga wannan, wancan ya miƙe yana cin safa. Yaron da ake kira Sarkin Kuka ya yi ta yi har muryarsa ta dishe. Ƙaramar Lauya, 'yar shekara uku da ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, ta tsare ta da tambaya: "Inna, me ya sa kike dukan mu a hankali?" Iyaye suka fara ƙorafi, wai yara na dawowa gida kamar an shafa musu barkono. Shugaba ta ce Inna ce ba ta iya ba, ta ɗauko 'yar tsana ta gwada mata. 'Yar tsanar kam ta yi barci, masha Allah.

Rana ta huɗu Inna ta dubi jajayen idanun yaran, ta tuna maigida da albasarsa, ta sake duban yaran, ta ce komai ta fanjama fanjam. Ta tuɓe takalmi. Sai dai gajiyar kwana uku ta yi mata kwanton ɓauna, minsharin ƙarya ya rikiɗe na gaske.

Da ta buɗe ido, ga ɗan bargo da bai wuce kafaɗarta ba, ga takalman shugaba dab da hancinta. Yara goma sha uku sun yi nisa a barci. Lauya na zaune tana bubbuga bayan Inna, ta ɗora yatsa a baki.

"Shiii! Da ƙyar na sa ta barci. Kar ki tashe min ita."

Shugaba ta cika ta yi fam, ga ba halin ihu. Cikin raɗa ta ce, "Ofis."

A ofis ta ce, "Barci kika yi, Inna, na gaske. Da wani ya shaƙe fa?"

Inna ta ce, "Na yi, 'yar nan. Wannan kam laifina ne." Ta cire rigar tana ninkewa a hankali, ƙamshin albasa har ya fara zuwar mata.

Shugaba ta dubi fayil, ta kasa kunne. Tun zuwanta ba ta taɓa jin ƙarar agogon bango ba sai yau.

"Mayar da rigarki. Ki kwanta ki yi abinki, ni zan zauna a kujerar ina duba numfashi."

Haka ake yi har yanzu. Sai dai ba a yi mako ba shugaba ta fara gyangyaɗi a kujera, tabarau na zamewa, don haka Inna ido buɗe take minshari, tana gadin mutum goma sha biyar. Da ta ba maigida labari, ya sa ta gwada masa. Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce ba haka ake yi ba, ta matsa ya nuna mata.