Ta'aziyyar Alhaji Mai Wagashi

Yayata ta daɗe tana suyar wagashi a unguwar Banikanni ta garin Parakou kafin ta riƙe babbar waya. Wagashi cukun Fulani ne. Ita ke tarar matan ruga da sassafe ta saya, ta rina shi ja da karan dafi, ta soya, ta haɗa masa yajin da har yau ta hana ni sirrinsa, ni da muka sha nono ɗaya. Da ta sayi wayar, ni na buɗe mata shafi na koya mata ɗora hotunan kaya. Sai da muka zo kan hoton mai shafi, gwaggonmu ta garin Djougou, wadda ba a yanke komai a danginmu sai da ita, ta ce atafau fuskar matar aure ba za ta yi yawo a aljihun maza ba, muryarta ma haka. Na ce to a sa fure. Gwaggo ta ce fure na 'yan mata ne masu neman miji. Ƙarshe aka sa hoton mijin Yaya, Alhaji, wanda ya ɗauka da babbar riga da ya dawo daga Makka.

Alhaji tayoyin babur yake sayarwa. Wagashi kuwa ko ɗanɗanawa ba ya yi, ɓata masa ciki yake. Amma kasuwa ta buɗe, saƙonni suka yi ta shigowa: "Alhaji, a aiko na biki." Yaya ta amsa a rubuce, ta soya, ta ba ɗan zem, wato mai babur na haya, ya kai. Kafin a ce me, duk Parakou ta san Alhaji mai wagashi. Da fari yana musu. Daga baya ya koma murmushi, har na taɓa jin sa yana gaya wa wani cewa suya sai da haƙuri. Yaya takan yi dariya, amma ni na san dariyar yaƙe in na gan ta.

Ana nan sai wani gidan rediyo a Djougou ya gayyace shi filin mata, a yi hira kan sana'ar mata ta waya. Mu uku muka tafi, Yaya rungume da kular wagashi. Muka tarar baƙin shirin huɗu ne, duka maza: Alhajinmu mai wagashi, mai sabulu, mai turaren wuta, da wani gabjejen mutum mai gemu da aka ce shi ne gwanin ƙunshin amare. Kowanne hotonsa ne a shafin matarsa. Matan kuwa aka jera mu a benci a baranda, aka kunna mana ƙaramar rediyo don kada a bar mu a baya.

Mai shirin ya ce, "Alhaji, jan nan na wagashinka, mene ne sirrin?"

Alhaji ya gyara murya ya ce, "Tumatir."

Matar mai ƙunshi ta dafa Yaya ta ce, "Ke naki da sauƙi, nawa yanzu ya ce da siminti ake kwaɓa lalle." Muka yi ta dariya har da hawaye. Sai aka buɗe layi, wata mata ta kira ta ce, "Allah ya saka wa Alhaji. Mu mata mu ji kunya, ga namiji ya fi mu iya girki." Nan dariyar Yaya ta ɗauke. Ni kuwa raina ya ɓaci har na miƙe zan shiga, mai gadi ya ce madam a yi haƙuri, ana cikin shirin mata.

Muka dawo Parakou. Washegari Yaya tana gaban kasko, goshi duk gumi, hannu duk tabon mai, ta miƙo mini wayar ta ce, "Ɗauke ni foto, ki cire wancan." Na ce Gwaggo fa? Ta ce, "Gwaggo ce ke tsayawa a gaban wutar?" Na ɗauka, na sa a madadin na Alhaji.

Ko azahar ba a yi ba saƙon farko ya shigo: "Inna lillahi. Yaushe Alhaji ya rasu?" A lissafin mutanen gari, babu abin da zai sa fuskar mace ta hau shafin mai gida sai mutuwa. Kafin la'asar ƙofar gida ta cika. Alhaji ya dawo daga shago ya tarar an shimfiɗa tabarmi, ya zauna ya shafa fatiha tare da jama'a, sannan ya tambayi na kusa da shi wa aka rasa. Wata tsohuwa daga unguwar Ganou ta ɗaga ido ta gan shi, ta zura da gudu ta bar takalmanta. Gwaggo ta bugo daga Djougou tana kuka, da ta ji muryarsa kuma ta koma faɗa.

Alhaji ya shigo madafa yana share gumi. "Don girman Allah ki mayar da hoton nan, kin kashe ni da raina."

Yaya ba ta ko ɗago ba, tana karanta wani saƙo da ya shigo daga wata tsohuwar mai sayenta. Ta miƙo mini, na karanta a fili: "Madam, ki daure ki riƙe sana'ar marigayi, ko da hannunki bai kai nasa ba."

Babu wanda ya yi dariya, har Alhaji. Yaya ta karɓi wayar, ta danna wurin ɗaukar murya, abin da ba ta taɓa yi wa mai saye ba.

"Alhaji na nan da ransa, taya yake sayarwa. Wagashin da kuke ci tun ranar farko, ni ce nake soyawa."

Ta tura wa kowa da kowa. Sannan ta ce in miƙo mata matsami, na kan wuta ya fara ƙonewa.