Daren da Na Ƙarasa wa Iya Tatsuniya

In ban yi kuskure ba, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ne Baba ya ɗauko mahaifiyarsa daga wani ƙauye kusa da Rigachikun, ya dawo da ita gidanmu a Unguwar Kanawa. Baba akawu ne a wani ofishin gwamnati, ni kuma ina aji uku a firamare. Iya muke kiranta. Ita kuwa ba ta taɓa faɗin sunana ba, don sunan marigayi mijinta aka sa mini. Sai dai ta ce Maigida. "Maigidan da ba ya cefane, sai cika ciki."

Akwai lantarki a gidan, amma Iya ta ce tatsuniya tana jin kunyar ƙwan fitila. Don haka da an idar da isha'i, kafin garwashin tuwo ya mutu, sai ta ja kujerarta kusa da murhu, ta ɗauko taskirar auduga da mazari. Mu kuma mu baje a tabarma, ni da yayata Rabi da yaran maƙwabta. Ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari, ta ce, "Ga ta can tana tafe." Mu ce, "Ta iso, mun yi mata shimfiɗa." Zare yana tsawo, labari yana tsawo, hayaƙi yana bi ta kanmu a hankali. Wani lokaci ban san inda muryarta ta tsaya mafarkina ya ɗauka ba.

Ina jin a shekara ta biyu ne shirun ya fara. Tana tsakiyar labari sai ta tsaya, ido a kan garwashi. Da farko mun ɗauka jan rai ne. Amma akwai wasu ƙananan abubuwa. In mutum biyu suka yi mata magana lokaci ɗaya, sai ta rasa wanda za ta bi. Takan tashi ɗauko abu, ta tsaya a ƙofar ɗaki tana tunanin me ya kawo ta. Duk da haka, in ka ba ta lokaci, za ta jero maka dangi kaf har kakannin kakanni. Baba ya ce tsufa ne, kowa ya yarda.

Wani dare ta kawo mana wadda ba mu taɓa ji ba. Wata mata ce, Tabawa, ta je ɗiban ruwa kogi kafin gari ya waye. Tana nutsa tulu, sai wata ya zame daga sama ya faɗa ciki. Ta rufe da faifai, ta ɗora a ka, ta kai gida ba ta sani ba. Daga ranar duhu ya rufe garin. Ba a san kwanan wata ba, ba a san ranar biki ba, matafiya suna ta ɓata. Sai aka ga haske yana tsiyaya ta gefen faifan Tabawa. Mutane suka cika gidanta, wannan ya girgiza tulu, wancan ya zura ludayi, wata kuwa sai ƙara nutsewa yake.

A nan Iya ta tsaya. Mazari ya yi ta juyi har ya kwanta.

Rabi ta ce, "Iya, barci kike?"

"Barcin me, 'yar nema? Tana zuwa. Ta tsaya gyara ɗaurin zane ne."

Muka yi dariya, muka jira. Shirun ya ɗan yi tsawo. A makon nan na zo na ɗaya a aji, kaina yana hayaƙi. Sai na miƙe na ce, "Ai na sani! Fasa tulun ta yi, wata ya tashi sama. Shi ke nan!" Yara suka hau tafi.

Iya ta dube ni, har da ɗan murmushi. "To, madalla. Ɗan boko ya riga tsohuwa isa gida. Ku tashi ku kwanta."

Muna shiga ɗaki Rabi ta mintsine ni. "Kai wane irin mara kunya ne? Ana karɓe magana daga bakin babba?" Na ce ai taimakonta na yi. Amma daga daren, duk wanda ya roƙi tatsuniya sai Iya ta ce, "Ku tambayi Maigida." Sannu a hankali yaran maƙwabta suka daina zuwa.

Sai bayan kusan shekara biyar hannunta na dama ya fara rawa, ko da ta ajiye shi a cinya. Takunta ya ƙanƙance, muryarta ta yi ƙasa, mazari ya koma ƙarƙashin gado. Baba ya kai ta asibiti, likita ya ce ciwon Fakinsan ne. Lokacin ina sakandaren kwana. Da na dawo hutu, na yi kwana uku ina kewaya ta kafin na samu ƙarfin hali. Bayan isha'i na zauna kusa da ita a bakin murhu, na ce, "Iya, ya Tabawa ta yi da watan nan?"

"Ba kai ka fasa mata tulu ba?"

"Ƙarya na yi, Iya."

Ta ɗauko labarin tun daga kogi, da murya kamar ta mai raɗa. Da ta iso wurin, ta sake tsayawa. Na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya. Na ji kukan gyare, na ji jirgin ƙasa can nesa, garwashi ya rufa da toka. Ban ce uffan ba. Can sai ta ce, "Korar mutanen ta yi. Ta fitar da tulun tsakar gida, ta buɗe, ta zauna gefe ba ta taɓa shi ba. Da ruwan ya kwanta, wata ya hango hanyarsa, ya hau abinsa." Ta numfasa. "Kuma tulunta yana nan lafiya lau, Maigida."

Bayan na gama jami'a na karanta cewa a wasu masu wannan ciwo, tunani kan yi nauyi tun kafin hannu ya fara rawa. Abin yana nan a ajiye, ɗauko shi ne yake ɗaukar lokaci. Ni ba likita ba ne, kuma ba zan rantse cewa abin da ya sami Iya ke nan ba. Wataƙila tsufan ne kawai, kamar yadda Baba ya ce. Ban ma sani ba ko ainihin ƙarshen tatsuniyar ke nan, ko kuwa domina ta ƙera shi. Ban tambaye ta ba har Allah ya karɓi abarsa.

Abin da nake da tabbaci a kai guda ɗaya ne, don na sha auna shi a raina. Shirun da ta yi a daren da na katse ta bai fi minti biyu ba. Shekara biyar ta yi tana jira in tambaye ta, ni kuwa minti biyu suka gagare ni.