Malam Jafaru da Tattabarun Amana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, ɗaya ga Oktoban 1968, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Jafaru mai tattabaru na Ƙofar Mazugal. Ni maƙwabcinsa Isyaku na so in yi addu'a in yi shiru, amma akwai abin da sai na faɗa.

Malam, kakanninka shanu suka sani, kai kuwa ka juye sanin nan kan tsuntsayen tsere. Sai ka buɗe fiffiken tattabara ka ce wannan jikar wance ce, ubanta ne aka saki a Zariya ya riga jirgin ƙasa isowa Kano. Duk wanda ya nemi iri kyauta kake ba shi, sai dai ya zauna ya sha tarihi.

Tushensu duka tsofaffin tattabaru biyu ne, mace da namiji, na abokinka Ɗan Reluwe, mutumin Gabas. Da rikici ya ɓarke shekara biyu da suka wuce, a soronka ka ɓoye shi, har ya samu ya tsere ya bar maka su amana. Yaƙi ya sa gero tsada, ka rage kununka ka ciyar da su. Sun daina tashi, gashinsu ya zube, amma duk gwanin da ke shawagi a kan Dala daga ƙwansu ya fito.

Ranar sadakar uku gida ya cika, nama ya yi wuya. Yayarka Gwaggo Turai ta sa a kamo tattabaru. Da zuciya ɗaya ta ce kada a taɓa masu sheƙi, dukiyar marayu ce, a yanka tsofaffin da ke lungu. Ai haka ake yi wa kaji.

Na sha romon nan, Malam, har na yaba. Sai da na je wanke hannu na ga ƙafafu a bakin rariya, biyu da zoben da Ɗan Reluwe ya sa musu. Da na yi wa Gwaggo Turai magana ta ce, "To Isyaku, tattabara ba tattabara ba ce?"

Ban ga laifinta ba, wallahi da kai nake jin haushi. Ka karantar da duk mazan Dala asalin tsuntsayen nan a ƙofar gida, amma ko sau ɗaya ba ka shiga ciki ka nuna wa iyalinka su ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya shaida ka riƙe amana har ranka ya fita. Ina yi wa Gwaggo Turai, da matarka Uwani da yara ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙuri. Ni ma a sa ni a addu'a. In yaƙi ya ƙare Allah Ya dawo da Ɗan Reluwe da rai, ni zai tarar a ƙofar gidanka, kuma har yau ban san me zan ce masa ba.